Bakin Dija a Jikin Bango

Mushe Habibullahi, tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, a Agiye, ba shi da abin so kamar tsofaffin kyamarorin ɗaukar fim, irin waɗanda ake murɗa wa hannu. Bakwai gare shi, kuma yana aiki da su. Ta bakwai ɗin a kasuwar Gangara ya tsince ta wajen mai gwangwan, haɗe da gwangwanin fim wankakke.

Da ya sa fim ɗin a majigi, sai ga Fulani a bakin rijiya suna shayar da shanu. Babu murya. A murfin gwangwanin an rubuta shekarar da ta gabaci babbar yunwa. Ya yi ta cigiya har aka nuna masa Kawu, wani tsohon makiyayi da ya yi yarinta a wannan rijiya. Da hantsi ya ɗauko shi a babur, ya toshe tagogin zaure da tabarmi, ya kunna.

Kawu ya fara kiran shanun da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, yana dariya. Can wata yarinya ta gitta da ƙwarya a ka. Ta tsaya, ta dubi mai ɗauka, bakinta ya motsa, ta wuce.

Dariyar ta ɗauke.

"Dija ce, ƙanwata," in ji Kawu. "A hanyar kudu muka rasa ta shekarar yunwa. Ko kabarinta ba mu gani ba. Mushe, mi take cewa?"

"Kawu, wannan na'ura ba ta kama murya."

"To, maido ta."

Habibullahi ya san zaren fim ɗin ya tsufa, kowane juyi yana cin sa. Ya dubi tsohon, ya maido. Kawu ya matsa har inuwarsa ta hau bango, yana motsa leɓɓansa tare da nata. Aka sake, aka kuma sakewa. A karo na tara zaren ya maƙale, fuskar yarinyar ta tsaya cak tana kallon su, sannan ta kumbura, ta narke daga tsakiya. Ƙauri ya cika zauren.

Kawu ya daɗe a tsaye gaban farin bango.

"Na gane," ya ce. "Cewa take, ku jira ni."

Habibullahi ya kai shi gida. Da ya komo ya liƙa ragowar zaren ya duba abin da ke gaban wajen da ya ƙone. Ashe yarinyar ta sake fitowa daga nesa, tana gudu bayan garke, hannunta a sama, garken kuwa bai tsaya ba. Bai taɓa lura da wajen ba.

Kawu ya rasu da kaka. Habibullahi bai gaya masa abin da ya gani ba, kuma har yau bai san ko ya kyauta ba.