Mota Ta Tafasa a Hanyar Bungudu

…kuma sai yau. Duk ranakun Allah ba ta tashi tafasa ba sai yau, a nan tsakiyar daji — Gusau ta ɓace a baya, Bungudu ba ta ɓullo ba. Dubi tururi. Kamar an buɗe madambaci. Motata. Tawa ta kaina, ni Tambaya mai kayan miya, kwana huɗu kacal a hannuna.

Malam, maigidana, kana gani? Shekara biyu ƙasa ta rufe maka ido, amma na san da kana nan da ka yi mani dariyar nan taka ta hanci…

Arzika ya ce kada in matso. Direbanka na da, shi dai, furfura ta ƙaru, taurin kai bai ragu ba. Wai sai ta huce kafin a kwance murfin lagireto, in ba haka ba ruwan ya yi tsalle ya saɓule wa mutum fuska. To huce. Huce mana! Rana jirana take yi? Yanzu haka an baza tabarmi a ƙofar gidan Bawa. Alhaji Bawa — ka ji fa, Alhaji! Ƙanenka. Ya dawo daga Makka, Bungudu duk ta taru yi masa barka da sauka. Da me ya tafi? Da lorinka, Malam. Sayar da ita ya yi, ya hau jirgi.

Ban haifa maka namiji ba, lori ta faɗa rabonsa, na ji, shari'a ce. Amma maganar fa? Shari'a ce ta sa shi? A gaban alƙali, a gaban dangi, yana gyara hula: "Mace me za ta yi da ƙarfe? Ki koma kan daddawarki." Aka yi dariya. Har wanda ya ci tuwona shekara ashirin ya yi.

Na koma kan daddawata. Na koma. Daddawa, kuka, barkono, kanwa — ban ɗinka zane ba, ban ci naman Sallah da daɗi ba. Abu ɗaya nake so a duniyar nan: in tsaya a ƙofarsa cikin motata, mutane cike, Arzika ya matsa ham sau uku. Ba zan sauko ba. Wallahi ba zan sauko ba sai ya taso daga tabarma da sabon rawaninsa ya zo ya leƙa ya ga ko wane babban baƙo ne. Ya ga ni ce. Shi ke nan. Ko daga nan motar ta kama wuta…

Gobe ba taro. Gobe shi da awakinsa ne kawai.

Labbo. Labbo dillali, ɗan Sabon Gari, mai haƙorin goro. Kai ne. Wai motar Baturen auduga ce, sai wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya riƙe ta kaɗan, lafiyarta lau kamar amarya. Kwana uku ina ciniki da kai. Na kushe tayoyi, na kushe kujera, na tafi na dawo, na sake tafiya, sai da ka yi gumi ka ce, "Inna, ke dai ba a cin ribarki." Na ji daɗin maganar. Kaicona, na ji daɗinta! Har Tsafe muka kai ta gwaji, garinmu, mata suna leƙe ta kan darni. Muka dawo. Ni da kaina na durƙusa na tura faifai ƙarƙashinta in ga ko tana ɗiga. Ko ɗigo. Busasshe na jawo shi.

To yaya aka yi?

Arzika ya buɗe murfin, da tsumma. Fuu… Ba ruwa, ya ƙone. Yana taɓa fambel, igiyar fankar inji — wai bai saki ba. Yana matsa tiyo na sama, na ƙasa, ba tsaga. Ya zaro ƙarfen duba baƙin mai, ya shafa a yatsa, ya kai wa rana. Baƙi ne wuluk, ruwa bai gauraya da shi ba. "Alhamdu lillahi, kan inji bai ƙone ba." Ni ina ruwana da kan inji? Kan Labbo nake so.

Zan kama shi a tasha ranar da ta fi cika. Ba zan yi ihu ba, a'a, ihu na masu rauni ne. Zan riƙe wuyan rigarsa a hankali in ja shi har gaban alƙali, mutane na biye. In sa ya rantse. In sa duk mai lori daga Gusau zuwa Funtuwa ya san sunansa. Ya koma dillancin kaji — kajin ma a riƙa duba ƙarƙashin fiffike…

Arzika ya juye garwar ruwanmu ciki. Ya ɗora hannu a kan lagireto, sama, ya janye da sauri. Ya ɗora ƙasa, ya bar shi nan. Sama wuta, ƙasa sanyi? Yana girgiza kai. Wai ruwan ba ya sauka, wani abu ya tsare masa hanya. Kai ma haka kake yi, Malam, ka sa kunne a jikin lori kamar ungozoma, ni ina tsaye da akushi tuwo yana sanyi, ka ce "yanzu" — yanzun da ba ta zuwa…

Inuwar marken nan ta matsa. Ɗazu tana kan taya, yanzu ta kai ƙafata. Azahar ta gota. Baƙin Bawa sun ci abinci. Masu nisa za su fara neman takalmansu.

Arzika ya kwance tiyon ƙasa.

Mene ne wannan? Ba ya zuba, jan jiki yake yi. Kore-kore. Yauƙi. Kuma warin… tsaya. Matsa, Arzika. Wannan hancin ba na bakanike ba ne amma shekara talatin yana kasuwa.

Kuka. Miyar kuka a cikin motata!

Ashe haka ne. Arzika ya san dabarar, wai tsohuwa ce, in lagireto ya yi ƙaramar huda sai a barbaɗa garin kuka, yauƙin ya bi ruwa ya liƙe ramin. Shi ma ya taɓa yi maka sau ɗaya a hanyar Funtuwa. Shi ya sa faifaina ya fito busasshe! Labbo, ka dafa mani miya ka sayar mani da tukunyar. Madalla. Ga shaida. Zan kwashi wannan a kwano, in rufe, in kai wa alƙali, in ce Allah ya gafarta Malam shinshina. In roƙi a ba Labbo ludayi ya sha…

To zuba ruwa mu tafi. Ga rafi can. Wanke ta mu tafi, ko da rarrafe ne, ko mutum goma suka rage a ƙofar Bawa sun ishe ni.

Ba ya motsi. Yana murza abin a tafin hannu. Wai da kukar zalla ce da ba ta yi haka ba, da ta kai mu wata guda, da yanzu muna Bungudu. Wannan an haɗa ta da wani abu. Ya kumbura cikin ruwan zafi ya cushe 'yan siraran hanyoyin nan kaf. Sai an cire lagireton, a kai Sabon Gari, a buɗe kansa, a zura waya rami-rami, a liƙe da dalma. Kwana biyu in an yi sauri.

Kwana biyu.

Ba ni in gani. Tsakanin yatsa biyu… laushi, da ɗan ƙaiƙayi. Dusa. Dusar gero, tankaɗe biyu, da rariyar laushi, yadda ido ba ya—

Jajibirin gwajin Tsafe. Da la'asar, Labbo tsaye gaban kayana. "Inna, mudu guda na kuka, iyali sun yi baƙi." Namiji ya zo sayen kuka da kansa, me ya sani? Na juya na ɗebo masa daga buhun baya. Buhun maza, wanda na gauraya da dusa. Ko gyara ban yi masa ba. Da ya ba da baya har na ƙyafta wa maƙwabciyata ido…

Alƙali zai tambaye shi, ina ka sami kukar? A gaban mutane. A gaban matan da suke saye wurina tun suna amare.

Arzika ya yarfe hannu. Ya share gumi. "Wanda duk ya sayar da kukar nan, Inna, Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Yana kallona. Amin yake jira.

Malam… yauƙin ya ƙi fita daga yatsuna.