Ɗaki Mai Bango Uku

An rushe katangar gabas ta tsohon filin ƙwallon kulob ɗin Nadi Nawras da hantsin wata Talata, a watan Safar na shekarar 1396 ta Hijira, kuma da ita aka tafi da bangon ɗakin Turai. Ba nata kaɗai ba. Duk ɗakunan da ke layin bayan fili, a gefen unguwar Sa'alaba da ke kudancin Jidda, sun wangame a lokaci guda: ga gadaje, ga tukwane, ga tufafi rataye a ƙusa, kowa na kallo. Babu wanda ya ji rauni. An riga an faɗa musu su janye kaya daga jikin bango.

Turai na tsaye a ƙofarta da bahon wanki a hannu. Da ƙura ta lafa, sai ta hango abin da ba ta taɓa gani daga cikin ɗakinta ba: turakun gola biyu, da farin rairayi shimfiɗe har bakin titi. Rufin kwanon bai faɗo ba, don ɗanta Abdulghani ya tokare shi da itace tun jiya, sannan ya tafi atisaye. Shi ne mai tsaron gidan Nadi.

* * *

Mijinta Ubale ne ya fara gini a wurin, shekarar da ta haifi Abdulghani. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kuma bulon da ya tara bai kai na bango huɗu ba. Ya je ya sami shugaban Nadi na lokacin, wani tsoho mai son mutane, ya roƙi a bar shi ya jingina da katanga.

"Mu fuskar ciki muke amfani da ita," in ji tsohon. "Ta waje ku ɗauka."

Magana ce ta baki, aka yi fatiha a kanta. Ubale ya gina bango uku ya ɗora rufi. Wasu suka biyo shi, yawancinsu jikokin alhazan da suka zo daga ƙasar Hausa ba su koma ba, sai 'yan kaɗan daga Sudan. Matan layin suka zama masu wankin rigunan 'yan wasa, ranar wasa kuma su aika da gyaɗa da dafaffen wake bakin ƙofa. Duk shekara, idan an gama fentin fili, a miƙo musu ragowar shuɗin fenti su shafe nasu ɓangaren. Don haka kowane ɗaki a layin bango ukunsa farin ƙasa ne, na huɗun kuwa shuɗin Nadi.

Turai ba ta taɓa shiga filin ba, mata ba sa shiga. Amma ta san wasan ta jikin bango. In an ci abokan hamayya, sai ya yi rawa, yashi ya zubo mata a kan gado. In an ci ɗanta, sai ya yi tsit. Ubale ya rasu, tsohon shugaba ya rasu, katanga na nan.

* * *

Maganar sabon fili ta taso ne bayan wani kulob na arewacin gari ya shimfiɗa ciyawa ya kafa fitilu. Sababbin shugabannin Nadi suka ce filin ya tsufa: a sayar da shi, a gina wani a bayan gari. 'Yan wasa suka yi layi aka ɗauki hotonsu suna goyon baya. Abdulghani ne a tsakiya, don ya fi kowa tsawo.

"Me filin ya yi muku?" Turai ta tambaye shi ranar, tana murza masa man zafi a gwiwa. "Ƙwallo ta ƙi birgima ne?"

"Ummi, dubi ƙafata."

Ta duba. Daga gwiwa zuwa ƙugu babu inda rairayi da ɓawon kifin teku ba su karce ba. Ita ce ke wanke jinin daga wandonsa duk mako, ba ta buƙatar a nuna mata.

"Ciyawa ba za ta fito a nan ba?"

"Za ta fito. Amma baƙi suna zuwa, babu inuwar da za a zaunar da su. Wallahi ana mana dariya."

Dela, maƙwabciyarsu mai soya gyaɗa, ta leƙo ta labule. "Ya salam! Baƙi ba su da inuwa. To ai sai a rushe garin. Kai Abdu, ƙwallaye huɗun da aka zura maka ranar Juma'a, su ma rashin inuwa ne?"

"Khala Dela, ki bar ni."

"Na bar ka, ɗan gola. Ka dai tambayo mana katanga."

Ya tambayo. Sakataren Nadi ya ce masa duk wanda aikin ya taɓa gidansa, baladiyya, wato hukumar gari, za ta ba shi fili a wani wuri. Halas, shi ke nan, kowa ya kwantar da hankalinsa.

* * *

Ma'aikatan baladiyya sun zo su biyu, ɗaya da igiyar awo. Suka fara da tsallaken titi, inda akwai bukkokin kwano da katakon akwati waɗanda hanyar mota za ta bi ta kansu. Suka shafa wa kowace ƙofa jar lamba. Sannan suka tsallako layin katanga.

Turai ta share ɗaki, ta dafa shayi. Babban cikinsu ya shigo, ya ƙwanƙwasa farin bango, ya ƙwanƙwasa shuɗin.

"Ya Hajja, wannan wa ya gina shi?"

Daga baya Dela ta ce da sun sani, da sun kwana suna shafa farin ƙasa. Amma a layin nan ba a taɓa ɓoye wannan zance ba. Abin alfahari ne, shi ake fara gaya wa baƙo. Kuma cewa bangon naka ne, cin amanar tsohon da ya ba da shi ne.

"Na Nadi ne," in ji Turai. "Mu bango uku muka gina. Marigayi shugaba ne ya ba mu aron wannan, Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji mutumin. Ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya fita. Bai shafa lamba a ƙofar ba.

Haka aka amsa masa a kowane ɗaki, har ƙarshen layi. Masu bukkokin kwano aka ba su filaye a kudu, saboda bukka, ko da ta gwangwani ce, bangonta huɗu ne, gida ce. Ɗakunan bulo na layin katanga kuwa aka ce rumfuna ne da aka jingina a dukiyar Nadi, sai a nemi Nadi.

Abdulghani ya koma wurin sakatare. Da ya dawo, bai shigo ba, ya zauna a dokin ƙofa da takalmansa a wuya.

"Me ya ce?"

"Ya ce Nadi katangarsa ya sayar, bai sayar da ɗakin kowa ba. A nemi baladiyya."

"Ka gaya masa an yi fatiha?"

"Na gaya masa."

"Sai ya ce me?"

Abdulghani ya sauke takalman daga wuyansa. "Ya tambaye ni yaushe iƙamata za ta ƙare."

A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi Turai, amma takardar zamansa Nadi ne ke sabunta ta, Nadi ne kafilinsa. Turai ta zuba masa abinci. Bai ci ba, ita ma ba ta ce ya ci ba.

* * *

Bayan rushewar, maza suka so su tayar da bango a inda katanga take. Aka aiko cewa layin nan ƙasar wanda ya saya ce, duk bulon da aka ɗora za a ture. Suka ce to a ja baya kamu biyu, cikin ɗaki. Aka ce wannan sabon gini ne, sai da izini, izini kuma gida ake ba wa.

Wasu suka tashi, suka raɓe a wurin dangi. Dela ta kafa buhunan gyaɗa ta ɗinke su da igiya. "Yanzu kam ina da inuwa," in ji ta, "a turo min baƙin." Babu wanda ya yi dariya.

Ranar Asabar direban Nadi ya tsaya kamar kullum, ya sauke ƙullin wanki. "Yalla ya Hajja, Laraba ake so." Ya kalli ɗakin, ya kawar da kai, ya ja mota.

Turai ta wanke. Da can a kan katanga take shanya. Ta ɗaura igiya daga wannan itacen tokare zuwa wancan, ta jera shuɗɗan riguna kafaɗa da kafaɗa, ta sa baƙar rigar gola a daidai gado, don ta fi faɗi. Muddin suna rataye, mai wucewa ba ya ganinta. Ta ja tabarma ta yi sallar La'asar a bayansu, ruwa na ɗiga. Laraba aka zo aka karɓe.

Sabon fili bai wuce tushe ba. An ce siminti na cikin jiragen da suka yi layi a teku suna jiran wurin sauke kaya. Wanda ya sayi tsohon filin ma bai ɗora komai ba, awaki ne ke kwana tsakanin turakun gola. Nadi na wasa a filin aro, rairayi ne shi ma, kuma Abdulghani na dawowa da jini a wando kamar da. In an ci shi ko ya ture, Turai ba ta sani sai ya shigo.

Baladiyya ta ce maganar ko ɗaki mai bango uku gida ne tana gaban kwamiti. Kwamitin bai zauna ba tukuna.