Maƙabartar da Ta Rage a Bayan Katanga

Shekara goma sha ɗaya tsoho Kho Tiong-lim ya yi yana hawa motar safe zuwa birni, da jakar takardu a hammata, yana roƙon 'yan majalisa su yi dokar da za ta sa a gina wa ƙauyenmu katangar tare teku. Mu masu kiwon kifi ne. Ƙasarmu tana nutsewa a hankali, ruwa yana hawowa. Sau biyu muna ɗaga daɓen ɗakin bautarmu, har ya zama sai an sunkuya ake shiga.

Ni maƙwabciyarsa ce, ƙawar matarsa A-kiau, wadda ta rasu tun kafin ya fara wannan zirga-zirgar. In na gan shi da jakar sai in ce, "Ɗan majalisar da ba wanda ya zaɓa, yau ma birnin ne?"

"Ke dai ji da kifinki, tsohuwa. Bakinki ya fi gishiri cin ƙarfe."

Da dokar ta fito, mun yanka agwagi, mun ƙona turare, Tiong-lim ya sha giyar shinkafa har ya yi waƙa. Bayan wata biyu wata ma'aikaciya ta zo da taswira ta shimfiɗa a gaban ɗakin bauta. Jan layin katangar ya kewaye gidaje da tafkunan kifi, ya bar maƙabarta a waje.

Tiong-lim ya ɗora yatsa a wurin. "'Yata, kin manta da nan."

"Ban manta ba, Kawu. Abin da dokar ta lissafa muka bi, kuma daga takardar ƙauyenku aka ɗauko jerin."

Shi ya rubuta takardar da hannunsa. A lokacin maƙabartar tana kan tudu, a bushe, bai taɓa kawowa ruwa zai kai can ba. Ya daɗe yana kallon taswirar, sannan ya ce, "Haka ne. Ni ne."

Aka ba mu zuwa bazara mu kwashe ƙasusuwan mutanenmu a tuluna, mu kai sabon wuri. Ranar kwashe na A-kiau muka jira ruwa ya janye, muka shiga laka har gwiwa tare da mai tonon kabari. Kabarinta ne na can ƙarshe. Akwatin gawar ya ruɓe, igiyar ruwa ta daɗe tana shiga tana fita. Tun hantsi muke tace laka da kwando, abin da muka samu bai wuce muƙamuƙi da 'yan ƙasusuwan yatsu ba, sai awarwaronta.

Mai tonon ya ce ruwa ya fara dawowa, mu fita.

Tiong-lim ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwan daɗi, ya jera a tulu. Na miƙa hannu zan taya shi ɗauka, ya ce, "Bari, Siok-hun. Ba nauyi."

An gama katangar bayan shekara uku, kuma ta tare ruwan. Bai je bikin buɗewa ba. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi birni saboda ciwon ƙafa, can ya rasu a lokacin sanyin da ya biyo baya. Makullin gidansa yana wurina. Duk sati nakan shiga in buɗe tagogi, don kada danshi ya cinye tabarmi.