Kwanon Daso

Kwanon Daso bai dawo ba.

Tun da ta biyo mijinta Muttaka zuwa Wangsa Maju, wata unguwa a Kuala Lumpur, inda yake karatun digiri na uku, ba ta taɓa sauke tukunya ta hana maƙwabta ba. Haka ta tashi ta gani a Gwale. Maƙwabtan nata leburori ne 'yan Bangaladash, cunkushe a ɗaki guda, ana kwasar su aikin gini ba takunkumi ba gwaji, ga korona na cin rayuka. Kullum Monir, siriri mai yawan murmushi, ke dawo da kwanon a wanke da lemo a ciki.

Yau ga tuwon jiya a ƙofarsu, gefen takalmansa na aiki, ƙuda na bi. Daga ciki tari ne mai tayar da hankali.

"Monir, asibiti fa?"

"Tak boleh, madam," ya amsa da ƙyar da yaren ƙasar, wato ba hali. "Fasfo na hannun boss."

Muttaka ya jawo ta gefe. "Daso, bizarki a jikin tawa take fa. Ki tsokano hukuma a kore mu ba takardar digiri?"

"Mutumin da ya ci tuwona? Ai ya zama nawa."

*

Ta dinga buga waya. Ofishin farko ya ce ginin da yake aiki a jihar Selangor yake, ba huruminsu ba ne. Na can ya ce ai mai ciwon a Kuala Lumpur yake kwance. Na uku ya ce baƙo ne, a nemi kamfaninsa. Kamfanin ya kashe waya.

In wata ce da ta haƙura, amma ban da Daso. Ta ɗaura takunkumi, ta yafa mayafi, ta sauka tantin gwajin da ke bakin unguwa, ta zauna daram a ƙasa cikin rana.

"Koma gida mana," in ji wata nas.

"Maƙwabcina na mutuwa," ta ce da guntun Turancinta. "Ba inda za ni."

Ba ta motsa ba sai da nas ɗin ta kira motar asibiti. Wallahi mace ke nan.

*

Monir ya rayu. Yana warkewa kamfanin ya soke izinin aikinsa, aka sa shi a jirgi.

Wata safiya aka ƙwanƙwasa. Ga kwano a wanke, ga lemo. Daso ta ɗaga kai da murna, sai ta ga baƙuwar fuska, wani sabon lebura yana danne tari. A ƙafarsa takalman Monir ne, sun ma yi masa yawa.

Ta karɓi kwanon, ta tambaye shi sunansa.