Ganga Ta Bakwai

Mahaifina Fernand ya shekara arba'in yana haɗa jar giyar inabi a Pommard. Mutanen garinmu kan ce hancinsa ya fi gonarsa daraja. Kurɓa ɗaya, sai ya faɗa maka ko inabin na gangaren tudu ne ko na bakin hanya.

A watan Fabrairun da ya wuce muka sauka ɗakin ƙasa inda muke ajiye giya, ni da shi, mu ɗanɗana gangunan sabuwar giya kafin a gauraya su. Shida na farko lafiya lau. Da na zuba ta bakwai, tun kafin in kai kofin baki wani wari mai tsami ya daki hancina. Ta lalace.

Na miƙa masa, na juya ina rufe gangar. Ya juya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar. Sai ya ce wannan ce sarauniyar bana, ga ƙanshin 'ya'yan itacen ceri, ga na ƙasa bayan ruwan sama. Nan take na tuna, kalmomin da ya faɗa a kan gangar shekara uku da suka wuce ke nan, ko ɗaya bai canza ba.

Na ce, "Baba, sake shinshinawa."

Ya dube ni, ya dubi kofin.

"Ta yi tsami ko, Maryse?"

Na gyaɗa kai. Ya zauna a kan matakala, ya ce tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bayan girbi bai ƙara jin ƙanshin komai ba. Giya da ruwan famfo duk ɗaya. Wata huɗu yana karantar fuskata: in na saki fuska ya yaba, in na ɗaure ya kushe. Ran nan kuwa na juya baya, bai ga fuskata ba.

"Ko mamanki ba ta sani ba. Kullum ina yaba miyarta."

Na ce mu je wurin likita a garin Beaune. Muka je. Likitan ya ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa.

Ni kaɗai na gauraya giyar bana. Masu saye suka zo suka yaba, suka yi ta taya shi murna, shi kuma yana godiya. Bai ƙara sauka ɗakin ƙasa ba. Yana gona tun safe da almakashinsa, yana datse rassan inabi cikin sanyi, kuma har yau bai bar ni na gaya wa Mama ba.