Ƙeyar Baban Thoa

Matata Mui ta daina gane ni bayan ciwon mantuwa ya yi mata ƙarfi. Ba ta manta tana da miji ba. Ni ne dai ba ta yarda shi ba ne.

Da safe ina kawo mata kunun shinkafa, in zauna a gabanta. Sai ta gyara zama, ta karɓa da hannu biyu, yadda ake karɓar abin baƙo.

"Sannu da ɗawainiya, dattijo. Maigidana ya fita kamun kifi, bai dawo ba."

"Ni ne maigidan."

"Kai dattijo, ka cika wasa."

Ni ba na wasa. Duk wanda ya zauna da ni ya san haka.

A kan ruwa aka haife mu, ni da ita, a tsakanin duwatsun tekun Ha Long. A kan ruwa muka yi aure, muka haihu. Da hukuma ta kwashe ƙauyenmu zuwa tudu, aka ba mu gidan bulo. Gida ne mai kyau, ban kushe ba. Amma na ce ba zan koma kan ruwan in zama ɗan kallo ba, a zaunar da ni a kujera ana nuna mini dutse da lasifika. Na faɗa, na kuma riƙe.

'Yarmu Thoa ce ta karya ni.

"Baba, mu kai Inna ta ga ruwa."

"Ga ruwa nan a famfo."

"Haba Baba! Kullum tana bakin ƙofa tana jiran ka, kai kuwa kana gefenta da kwano a hannu. In kai bai dame ka ba, ni ya dame ni."

Washegari na sa rigata mai kyau.

Babban jirgi muka shiga, irin na masu yawon buɗe ido. Wani ma'aikaci ya miƙo mini rigar hana nutsewa mai ruwan lemo. Na ce masa na iya ruwa tun ubansa yana rarrafe. Thoa ta harare ni. Na sa.

Jirgi ya kutsa tsakanin duwatsu. Suna nan yadda na bar su, tsaye a ruwa da bishiyoyi a ka, shirwa tana kewaya su. Na zuba wa Mui ido. Hannayenta na kan cinya, tana kallon takalmanta.

"Inna, duba, kin san wancan dutsen?" in ji Thoa.

"Yana da kyau," ta ce, don dai kada a ce ba ta amsa ba. Ta juyo gare ni. "Dattijo, kai ma can za ka?"

"Can za ni."

Na ce a raina, mun wahalar da ita a banza.

Inda ƙauyenmu yake a da, yanzu ɗan dandamali ne na katako a kan ruwa. Mata suna jira da ƙananan kwalekwalen gora, suna zagayawa da baƙi. Wata ta ɗaga malafarta ta ƙwala mini kira.

"Kawu Khang! Ashe kana raye? An ce bulo ya haɗiye ka!"

Lua ce, 'yar maƙwabcinmu na da.

"Ke da ko ƙullin taru ba ki iya ba, ke aka ba mutane ki tuƙa?"

"Ai kifin yanzu da ƙafarsu suke shigowa, Kawu, har da hula."

Ta durƙusa ta gai da Mui. Mui ta amsa da ladabi, ba ta gane ta ba.

Muka shiga kwalekwalen Lua. Na zauna ina fuskantar Mui, na riƙe mata gwiwa don kada ta karkace. Lua ta tsaya a baya ta fara tuƙi. Ba mu yi nisa ba Mui ta waiga. Filafilan tuƙin take kallo.

"Ke yarinya, wa ya koya miki? Da kafaɗa ake tuƙi? Kafin azahar za ki karye. Sa ƙugu."

Ta yunƙura za ta tashi. Na damƙe hannunta.

"Zauna!"

"Dattijo, cika ni. Ni matar aure ce."

Lua ta fashe da dariya. Thoa ta ce, "Baba, ƙyale ta." Na ƙyale, ba da son raina ba. Mui ta tuɓe takalma. Ta sa ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, ta kama filafilan biyu, ta tura da dukan jikinta. Kwalekwale ya miƙe. Lua ta tsuguna kusa da ita, hannu a shirye.

"Kawu, baya ya yi nauyi. Koma goshi."

Na rarrafa zuwa goshin kwalekwale. A wurinmu mace ce ke tuƙi a tsaye daga baya. Miji yana goshi da taru, ya ba ta baya, yana duban ruwa. Haka tun safe har yamma. Jikina bai tambaye ni ba, ya zauna yadda ya saba: ƙafa ɗaya a naɗe, gwiwa ɗaya a tsaye, kai ya ɗan karkata dama.

Mui ta nufi ramin da ya huda dutse, wanda ake bi a shiga tafkin ciki in ruwa ya janye. Na hango dutse a ƙarƙashin ruwa. Na ɗaga hannun hagu. Kafin in sauke, kwalekwale ya kauce.

Sai na ji murya daga bayana. Ba irin wadda take yi wa dattijo ba.

"Baban Thoa, sunkuya! Kanka da tauri, amma bai kai dutse ba."

Na sunkuya. Muka shiga ramin, ruwa yana ɗiga mini a wuya. Muka fito cikin haske, duwatsu sun kewaye mu, ruwa kwance shiru.

"Yaushe ƙeyarka ta yi fari haka?" in ji ta. "Kuma wa ya yi maka wannan askin? Kamar ɓera ya ci."

"Ni ce, Inna," in ji Thoa.

Ban iya daurewa ba. Na juya, na dube ta.

Filafilan suka tsaya. Ta dubi fuskata, ta leƙa bayana, ta dubi ruwa ta nan da ta can. Bakinta ya fara motsi.

"Dattijo, ina ya shiga? Yanzu yana nan."

Na juya da sauri, na koma yadda nake. Na naɗe ƙafa. Na karkata kai. Na jira. Wani biri ya yi kuka a saman dutse. Na ci gaba da jira.

Filafili ya taɓa ruwa.

"Ina ka je?"

"Ina nan."

"Kai dai ba ka zama wuri ɗaya." Ta tura sau biyu. "Wani tsoho yana ba ni abinci a wani gida. Fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa, amma yana hura mini kunu kafin ya ba ni."

"Yana kyautawa."

"Kada ka yi kishi. Bai kai ka kyau ba."

Lua ta toshe baki da malafa. Ni na dubi ruwa.

Muka zaga tafkin a hankali. Ta yi mini faɗan taru da na bari a rana. Ta tambayi ko na sa wa kakanni turare da safe. Na ce na sa. Duk abin da ta tambaya na amsa, fuskata tana gaba.

Can Lua ta matso ta raɗa mini, "Kawu, ruwa yana cika. In muka daɗe ramin zai rufe."

Na sani. Tun ɗazu nake ganin alamar a jikin dutse. Na kuma san abin da ke jira na a babban jirgi, inda kujeru suke jere kuma dole in fuskance ta in riƙe ta a matakala. Na bari ta yi tuƙi kaɗan.

"Maman Thoa, juya mu tafi."

"Ko taru ba ka jefa ba."

"Yau babu kifi."

"Kullum haka kake cewa in ƙiwa ta kama ka."

Ta juya kwalekwalen da filafili ɗaya, a wuri guda, ko ɗigo bai fantsamo ba.

"Kin gaji?" na ce.

"Da me zan gaji? Kai ne kayan, kuma ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci."

"Ƙarya. In mun isa zan dafa maka kaguwa. Sunkuya."

Na sunkuya. Wuyana ya ƙage, ƙafata ta mutu. Ban gyara zama ba, ban kuma waiga ba, har goshin kwalekwale ya taɓa katakon dandamali.