Ranar da Muka Tafi Kashe Gobarar Sama

A garinmu ba a ɗaukar ɗan kwana-kwana aiki. Kai za ka kawo kanka, ka yi rantsuwa, rantsuwar kuwa guda ce: jiniya ta yi kuka, ka ajiye abin da ke hannunka, ko ɗanka ake yi wa baftisma. Ni ne direban motar, tun gashina na baƙi.

A wani mako na watan Mayu rediyo ya ishe mu da zancen rana, wai ta yi bori ta feso wuta, wai hasken kudu zai hauro har kan tsibirinmu na Tierra del Fuego. Mu dai dariya muka yi ta yi. Nibaldo Oyarzo kaɗai ya ɗauki abin da zafi, saboda mahaifiyarsa, Doña Uberlinda. Tun tana yarinya babanta, makiyayin tumaki, yake ba ta labarin shekarar da sama ta yi ja kamar garwashi, ita kuwa ba ta taɓa gani ba. Ga shi likita a Punta Arenas ya faɗa musu gaskiya, idonta ba zai wuce sanyin bana ba. Ta daina gane fuska, sai abu babba mai launi. Sama kuwa ai babba ce.

Duhu na fara shiga, Nibaldo ya naɗe ta da barguna, ya zaunar da ita a gaban akori-kurarsa a ƙofar gida, ya ɗora kyamara da ƙafafunta a baya. Bakin teku zai kai ta, inda babu fitilar gari. Bai kai ga tada mota ba jiniya ta ɗauka.

Don Baldomero ne ya bugo waya daga wani gandun tumaki can kudu, wai wuta ta kama bayan tudu, yana ganin janta da idonsa.

"Haba Kwamanda!" in ji Nibaldo, yana haki a ƙofar tashar kwana-kwana. "Wace irin wuta? Hasken nan ne da ake ta faɗa! Tsohon nan ko rediyo ba ya saurare."

"Na sani," Kwamanda Yasna ta ce, tana ɗaure hular kwano. "In kuma wutar ce fa? Ka manta wadda ta ci ƙasa ta ƙarƙashi har ta cinye garken su Mansilla? Gani ya kori ji. Hau mota."

Daga baya na ji cewa tsohuwar ce ma ta kori Nibaldo. Matar ɗan kwana-kwana ce, uwar ɗan kwana-kwana. Cewa ta yi, "Je ka mana, me kake kallona? Ina nan, ba inda za ni." Ya ruga da makullin motar a aljihu.

Na taka mota a kan burji har haƙorana na haɗuwa. Muka tarar da Don Baldomero da bokiti biyu da karnukansa, yana nuna kudu. Muka haye tudun. Ko ƙaurin hayaƙi babu.

"Baba, yau kam ka kira mu babban aiki," wani ya ce. "Miƙo mana tsani, tiyonmu ba zai kai ba!"

"Ku yi ta dariya, 'yan banza," tsohon ya ce. "Da tumakinku ne da kun fi ni ihu."

Sai na kashe fitilun mota. Kai, jama'a! Rabin sama ya yi jawur, ƙasa-ƙasa wani kore-kore, ga wasu dogayen sanduna na haske suna tashi suna kwanciya kamar ana kaɗa labule. Kwamanda ta jingina wayarta a kan murfin inji, ta ce kowa ya jeru, kada wanda ya motsa ko ya yi tari sai ta ce, don hoton duhu ba ya son gaggawa. Na farko ya lalace, kare ya gifta. Aka sake. Aka kuma sakewa. A na ƙarshen har Nibaldo ya fito, hannunsa a wuyana, haƙora duk a waje. Shi ma abin ya tafi da shi, mutum ne.

Shi ya fara dawowa hayyacinsa. "Eladio, don Allah mu tafi," ya ce da ni.

Mun yi rabin hanya gajimare ya taso daga yamma, yadda ya saba yi mana, ya rufe komai ruf. Ban taɓa jin haushin ƙasarmu irin na ranar ba.

Na raka shi gida. Tana nan inda ya bar ta. Maƙwabta sun yi sun yi ta sauko ko su kai ta da tasu motar, ta ce ɗanta ne zai kai ta. Akori-kurar kuwa arewa take kallo, tana fake a gindin fitilar kan titi, numfashinta ya sa gilashin ya yi raɓa, hasken fitilar ya bazu a kai, ruwan lemo-lemo. Nibaldo ya buɗe ƙofa, waya a hannu, ya riga ya buɗo hoton da Kwamanda ta turo masa.

"Ɗana, na gani!" ta ce, tana lalubar hannunsa. Ta nuna gilashin. "Ga shi nan, tun ɗazu bai tafi ba. Bai kai jan da Baba ya faɗa ba, amma ka san mutanen da, akwai ƙarin gishiri."

Na juya na kalli titi, don idona ya cika. Nibaldo ya tura wayar cikin aljihu.

"Ya yi kyau, Mama," ya ce.

"Kai fa? Ka samu ka ɗaga kai ka gani kuwa?"

Ya gyara mata bargon da ya zame.

"Ina fa, Mama. Aiki ya hana."